Jan Babur na Mahaman

Tabotaki, Litinin, bayan noman farko

Zuwa ga ɗana Sufyanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Fatiha da yara. Mu nan sai godiya, ruwa ya sauka, hatsi ya kai gwiwa.

Kada ka yi mamakin rubutun ga, hannuna ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa alfa, karatun manya, bayan la'asar. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Na gaji da aron hannun mutane da wayar mutane.

Kalla direba ya ce mini ka sayo wani tsohon babur ja, irin na marigayi babanka, ka aje shi bayan garaji kana ta shafa kamar amarya. Tun da na ji, tuwo bai yi mini daɗi ba. Sababbi sun cika Madawa, me za ka yi da gawa?

Magana ta biyu, Baba Iliya ba shi da lafiya. Ƙafafu sun kumbura, majo na asibiti ya ba shi magani bai ji ba. Shi ne wan babanka, ba ka da wani. Na san abin da za ka ce, ka zo dai ka gaishe shi.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka, Biba

Madawa, 14 ga Yuli

Inna,

Ina gaishe ki da girmamawa, ina gaida mutanen gida. Takardarki na karanta ta sau uku, Fatiha ta ƙwace ta karanta sau biyu. Ta ce saura ki nemi aikin sakatare a Buza.

Ki kwantar da hankalinki. Ba kabu-kabu zan yi da shi ba. Shekara shida ina neman irinsa, irin wanda furoje, shirin nan na raya karkara, ya raba wa masu duba aikin dutse a wajen Keita, lokacin da kuke ɗaukar duwatsu a ka, Baba yana zagayawa da littafi. An daina yin su tun tuni. A Karofane na same shi, gidan wani tsoho, cikin turken awaki, kaza ta yi ƙwai ƙarƙashin tanki. Sai da na jira ta ƙyanƙyashe kafin ya yarda in ɗauka. Na wargaza injin, na jiƙa shi cikin gazuwal, wato man dizal, sati biyu, na goge tsatsa da hannuna har yatsu suka yi jini. Abu ɗaya ya gagare ni, karbirata, wato inda mai ke haɗuwa da iska. Na nema Ƙonni, na nema Maradi, babu.

Inna, ƙararsa kawai nake so in ji. Ina tuna zama bisa tanki, haɓar Baba a kan kaina, yana warin goro da mai. Fuskarsa ta fara ɓace mini, wannan ne bai ɓace ba.

Zancen Baba Iliya kuwa, Allah ya ba shi lafiya, amma daga nan zan yi masa addu'a. Ina da shekara goma sha biyar na durƙusa gabansa na tambayi babur ɗin ubana. Gaban mutane ya ce, "Na sayar, na ci. Sai me?" Wanda ya ci kayan maraya ya tauna shi kaɗai.

Ɗanki, Sufyanu

Tabotaki, Alhamis

Sufyanu,

Bayan gaisuwa. Kwana huɗu ina rubuta wagga takarda, ka karanta ta kai kaɗai.

Baba Iliya bai sayar da babur ɗin ba. Ni ce.

Ranar da aka fiddo babanka daga ƙoramar da ke tsakaninmu da Buza, babur ɗin aka fara gani, kwance cikin yashi, ko madubi bai fashe ba. Tare aka kawo su gida. Arba'in ba ta cika ba na iske ka bisa shi, ƙafarka ba ta kai ƙasa, kana buu-buu da baki. Shekararka tara. Gabana ya faɗi, har yau bai tashi ba.

Ina cikin takaba na aika aka kira Iliya. Na ce ya ƙone shi ko ya jefa shi rijiya. Ya ce dukiyar maraya ce, ba ya ƙona ta. Lokacin yana gina sabuwar rihewa, babban rumbun laka da ke bayan ɗakinsa, an riga an ɗora gindi bisa duwatsu. Aka tura ka Keita wurin kakarka. Shi da wani magini mai suna Yaro suka ɗora babur bisa gindin, suka ci gaba da gini kewaye da shi. Ka san rihewa ba ta da ƙofa sai baki a bisa. Abin da ya shiga da gini ba ya fita sai an rushe. Na sa ya rantse ba zai gaya maka ba sai na yarda.

Ranar da ka durƙusa gabansa, ina bayan darni ina ji. Ya waiga wajen darnin, ya jira. Na yi shiru. Sannan ya ce abin da ya ce.

Na ce in ka girma zan faɗa. Ka girma, maganar ita ma ta girma, ta fi ƙarfin bakina. Kuma ba magana ce da zan ba malami ya rubuta ba, ko in faɗa cikin wayar maƙwabta gaban yaransu.

Ka ji haushina yadda kake so, na cancanta. Amma mutumin ga yanzu sai an tashe shi zaune. Ka yi sauri.

Biba

Madawa, 29 ga Yuli

Inna,

Na ga takarda. Ina gaisuwa.

Shekara goma sha tara ban ce masa sannu ba. Ranar ɗaurin aurena ya zo da farar riga don ya yi mini waliyyi, na sa maigidana na garaji ya tsaya a madadinsa, ya zauna can baya tare da baƙi. Kina nan. Ranar sunan ɗana ya aiko rago, na mayar da shi. Kina nan, ke kika riƙe igiyar kafin a juya da shi.

Da wace fuska kike so in shiga gidan nan? Na rufe babur ɗin Karofane da buhu, ba na son ganinsa.

Ki bar ni tukuna.

Sufyanu

Tabotaki, 5 ga Agusta
Daga Iliya ɗan Jika, da hannun Malam Abdoulkadir

Zuwa ga Sufyanu ɗan ƙanena Mahaman,

Gaisuwa da fatan alheri. Bayan haka, kai mai kan dutse, kan ubanka ka ɗauko, shi ma in an ce ruwa ya yi yawa sai ya shiga.

Uwarka ta zo tana kuka, wai ta rubuta maka. Na ce Biba, wa ya aike ki? Yaro ya rasa uba, ya rasa ni, yanzu kina so ya rasa uwa? Karatun tsufa bai yi mana rana ba. Kada ka riƙe ta a rai. Tsoro ne, kuma ni na ga abin da ta gani cikin yashin nan.

Kayanka na nan. Na shafe shi da mai na naɗe da fata kafin mu rufe. Ɓeraye sun cinye sirdi, na gode Allah da bai ba su haƙorin ƙarfe ba. Shekara ashirin da biyar shi ne ma'aunina. Da kaka dammunan hatsi su binne shi. In madubi ya leƙo, a ci a ƙoshi. In tanki ya bayyana, matata Cima ta rage awo. In aka ga taya, samari su tafi bida, wato cin rani. Bana an ga taya, don haka babu lokacin da ya fi wanga, ba hatsin da za a yi asara.

Kada ka zo mini da doguwar magana, numfashina gajere ne. Ka zo da guduma. Malam ya ce a sa "na yafe". Na ce ya sa, ko da yake ban ga abin yafewa ba. Ni na ce na ci, kai ka yarda.

Haza wassalam.

Madawa, 12 ga Agusta

Inna,

Ina gaisuwa. Ga babbar riga da hula da goro na ba Kalla, ki kai wa Baba Iliya da hannunki, su riga ni shiga. Ki ce masa ina tafe ranar Juma'a in Allah ya yarda.

Sufyanu

Tabotaki, Litinin

Ɗana,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Iliya ya rasu jiya Lahadi bayan azahar, an kai shi kafin magariba. An kira wayarka, a kashe.

Riga ta iske shi da rai. Ya shafa ta ya ce, "Riga ta zo, saura mai riga." Ranar Alhamis ya sa 'ya'yansa suka fasa rihewar, ya ce kada ka sha wahala. Ranar Juma'a ya sa aka sa masa rigar, aka zaunar da shi ƙofar gida, babur jingine kusa da shi. Tun hantsi har rana ta faɗi. Duk motar da ta tsaya sai ya ce wa Cima, "Leƙa." Da aka ɗauke shi za a shiga da shi, ya ce, "Aikin mutane ne ya riƙe shi, garaji ba ya sakin mutum."

Kalla ya gaya mini ka shiga motarsa ranar, ka kai Buza, ka sauka shan ruwa, ka hau wata ka koma Madawa. Na roƙe shi ya riƙe bakinsa, ban gaya wa kowa ba. Ba zan yi maka faɗa ba. Ni ma haka nake zuwa bakin ƙofa in juya, a wurina ka koya.

Addu'ar bakwai ranar Asabar ce. Motar Kalla za ta baro Madawa da sassafe. Ban taɓa zuwa Buza ni kaɗai ba, amma zan zo, zan zauna tasha wurin mai shayi tun kafin ta iso. In ka sauka, ka neme ni. Ko ba ka yi mini magana ba, sauran hanyar mu yi ta tare.

Allah ya jiƙan Iliya, ya kawo ka lafiya.
Mahaifiyarka, Biba