Beryl da Ɗakin Baya

Toowoomba

Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya damina a Innisfail? Na rubuto ne don na san ƙarar waya ba ta shiga kunnenka. Muna so mu zo Kirsimeti, ka ga jikarka Tamsin ido da ido. Ta fara rarrafe, babu lungun da ba ta shiga. Amma ba zan ɓoye maka ba, ba zan shigo da ita gidan da Beryl ke ciki ba. Mesar nan ta fi motarka tsawo. Tsoro nake ji, Baba.

'Yarka, Raelene

Innisfail

Raelene,

Ina gaishe ki da mijinki da 'yar ƙaramar. Ruwa kam muna shan sa, mangwaro har ruɓewa yake a ƙasa. To, yau kuma Beryl ce dodo? Ke da kika yi aikin makaranta jingine da akwatinta? Gilashinta mai kauri ne, kwaɗo biyu gare shi, ƙofar ɗakin baya ma a kulle take. Kafin in taɓa ta sai na shafe ta da ƙugiya, ta san ba abinci ba ne. Mijin naki ne matsoraci, faɗi gaskiya. Ku zo, na riga na yi odar jatan lande.

Babanki, Clarrie

Toowoomba

Baba,

Ina gaisuwa, ya hannu? E, hannu na ce. Maƙwabciyarka Noeline ta faɗa mini komai. Ka narkar da ɓeran da kake ajiye wa Beryl a firiza a kicin, ka buɗe akwatin ba ka wanke hannu ba, Beryl ta ji ƙanshi ta cafke ka ta nannaɗe. Kai kaɗai a gidan. Kai fa ka koya mini cewa mesa mai wannan girma ba a buɗe mata sai mutum biyu. Da, Mama ce ta biyun. Tun rasuwarta wa ke tsaya maka? Na yi kuka da na ji. Yanzu ba Tamsin kaɗai nake wa tsoro ba.

Taka, Raelene

Innisfail

'Yata,

Na gaishe ki. Bakin Noeline ba ya ajiye magana, amma ba ta yi ƙarya ba. Kada ki ga laifin Beryl, hancinta ta bi. Da ƙyar na ja jiki zuwa famfo, na sakar mata ruwan sanyi har ta saki. Abin da Noeline ba ta sani ba, lokacin da ta matse ni sunan uwarki na yi ta kira, in ce ta kama wutsiya. Sai daga baya na tuna. Uwarki ce ta raini Beryl tun tana kamar igiyar takalmi, shi ya sa rabuwa da ita ke mini ɗaci. Ki ba ni lokaci.

Babanki

Innisfail

Raelene,

Gaisuwa. Na kai Beryl wurin wasu mata da miji masu lasisin kiwon macizai a garin Tully. Na duba kwaɗon akwatunansu da kaina, na yarda. Sun ce in riƙa zuwa ranar ba ta abinci. Na wanke ɗakin baya, na sa gadon jariri. Beryl da ba ta taɓa cewa uffan ba, tunda ta tafi gidan ya yi shiru. Ku zo da wuri, don Allah.

Babanki