Cokali Uku na Zuba wa Baba

Litinin, 6 ga Maris
Ranar Asabar Baba zai cika shekara da rasuwa, ranar da dangi ke taruwa a kira ruhinsa ya dawo gida. Na kira Mama a Eshowe na ce bana ta huta da haɗa giyar dawa, zan kawo tawa da nake haɗawa, irin ta ganga mai gas. Na fake da ciwon hannunta. Gaskiyar magana, so nake dangi su ga abin da na iya. Ta ce, "To, Sibonelo. Tunda ka ce."

Alhamis, 9 ga Maris
Sai yau na ɗura giyar a ganga. Kamata ya yi ta yi mako cikin sanyi tana shan iskar gas a hankali. Ina lokacin? Ga wuta ana ɗaukewa sau uku a rana, firij ya koma kabad. Na ƙure gas ɗin, na ɗora gangar a cinya ina jijjigawa. Matata Nokwanda ta leƙo, wai, "Maigida, ni da na haifa maka biyu ban taɓa samun wannan gatan ba."

Asabar, 11 ga Maris
Gangar ta yi awa biyu a bayan mota, ga rana ga ramuka. Ƙanƙarar da na jera mata ta narke tun kafin mu haye kogin Tugela.

Baffa Mzwakhe, ƙanen Baba, ya tsaya a bakin garke riƙe da 'yar tukunyar ƙasa. Shi zai zuba wa Baba kason farko a ƙasa, ya kira sunansa, kafin kowa ya kurɓa. Na buɗe famfon gangar. Kumfa. Na zubar na sake. Kumfa har gwiwar hannu. Mutum arba'in a tsaye, ba mai ko tari.

Baffa ya ce, "Ɗana, wanka muka zo yi wa yayan nawa?"

Aka yi dariya, har da ni, don kunya. Sai ya juya wajen Mama ya rage murya. "Matar yaya, babu ko kaɗan a randa?"

"Yaron ya ce in huta."

Ba da haushi ta faɗa ba. Da ma da haushin ne, da ya fi min sauƙi.

Baffa ya jira kumfar ta kwanta. Abin da ya taru bai wuce cokali uku ba, shi ya zuba. Shekara arba'in Baba yana shan ta hannun Mama, ranar da ake kiransa gida ni na hana shi.

Lahadi, 12 ga Maris
Gangar ta kwana a inuwa, yau tana zuba lafiya lau. Baƙi duk sun watse. Ihu bayan hari.

Randar Mama na kife a bayan ɗaki. Na kasa bi ta wajen.

Laraba, 22 ga Maris
Na sayi tsiron dawa kilo biyu. Ba don komai ba, araha na gani. Na kira Mama mu gaisa kawai, cikin hira na tambaye ta kwana nawa ake barin giyar ta yi tsami. Ta ce, "Ba a waya ake koyon wannan ba."

Na duba tayoyin mota, za su iya kai ni Eshowe. Juma'a ma ba wani aikin kirki gare ni ba.