Turaren Wuta a Ɗakin Ƙasa

Daren Talata, a garin Bowie

Tun ranar da ruwan sama ya shigo mana ɗakin ƙasa komai ya canza mini. Na goge abin da idona ya gani, na ja ƙofa. Da wari ya fara tashi sai na riƙa kunna turaren wuta safe da yamma, har sati uku, ina sama ina karatuna. Ashe fumfuna ce ke cin bango. Littattafan da na zo da su daga Kano duk sun yi baƙi, shafukan sun manne.

Yau mai inshora ya zo. Ya ce tamu ba ta shafi ambaliya ba, fumfunar kuma rashin busarwa da wuri ne ya jawo ta. Maigidana Yaya Sadiq bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Kin ga Rukayya matar Injiniya? A ranar ta ɗage kafet ta kunna fankoki. Wannan akwai kula da gida."

Rukayya! Wadda ba ta iya gama shafi ɗaya ba ta yi hamma ba. Layinmu ɗaya, ruwa ɗaya ya dake mu, amma ita ake yabo a falona, da bakin mijina. A littafi miji hawayen matarsa yake sharewa, ba ya kawo sunan wata. Ko tuwo na kasa ci.

Har yanzu yana zaton turaren na gayu ne, bai san wari nake rufewa ba. Gobe bayan asuba zan faɗa masa, kuma da hannuna zan ɓamɓare kafet ɗin. Fankar Rukayya kuwa da ya ce in aro, ba zan aro ba.