Manjan Auta da Durorin Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Ya yara, ya aikin injin manja?

Kamfanin sabulun da ke sayen manjana ya juya min baya. Wai sun daina karɓar na gonar da aka ƙona kurmi aka shuka. Ke kuwa rububin naki suke yi. Ki rufa wa ƙaninki asiri, in kawo nawa ki juye a durorinki masu tambarin shaidar ba a ƙona kurmi ba. Duka ja ne, wa zai gane?

Ƙaninki,
Auta

Wa alaikumus salam Auta,

Lafiya lau muke. A tsaye na ƙarasa karanta takardarka, don zama ya gagare ni.

Ranar da za ka cinna wa kurmin bakin rafi wuta na hana ka. Ka ce karatu ya yi min yawa, ka sa min suna uwar birai, abokanka suna ta shewa. Ni na bar itatuwan gonata, na haƙura da ɗan abin da take bayarwa. Yau ba Turawa kaɗai ba, matanmu ma sai sun juya kwalin sabulu sun ga tambari kafin su saya.

Wa zai gane? Masu binciken da ke ba da tambarin suna da hoton gonarka daga sama, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Sun san iyakar abin da kwakwata ke haifa. Duro ɗaya ya ƙaru, tambari ya tafi, matan da ke aiki a injina su koma gida hannu rabbana. Ba zan yi ba.

Ka gaida matarka, ita ba ta yi min komai ba.

Yayarka

Yaya, barka da war haka.

Na ji, kuma na sha faɗa. Kwakwa ta nuna tana zuba ƙasa, ma'aikata sun fara guduwa. Na je wurin masu binciken da ƙafata. Sun ce in na mayar da itatuwa bakin rafi suka kama, za su sake dubawa. Ni ko inda ake samun dashe ban sani ba.

Allah ya huci zuciyarki.
Auta

Auta,

Dashe yana nan bayan injina, ni nake rainonsa. Ka zo da mota. Kwakwarka ma kawo ta kafin ta ruɓe, in matse maka a duro marar tambari, ka sayar da shi da sunanka.

Kada ka turo min ma'aikaci. Kai za ka haƙa ramukan, ni in tsaya a kanka.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka