Ciyawar Yaya Sani Ba Goro Ba Ce

Zuwa ga Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina sanar da kai mutanen gida duk lafiya. Ni ne dai raina yake a ɓace, kuma tun da ka rasu ban sami wanda zan kai wa ƙara ba.

Maganar akwatin gilashinka ce, wanda Baturen reluwe ya bar maka lokacin da kake masa kuku. Ka tuna dariyar da mutanen Zango suka yi maka: mutum da hankalinsa yana kiwon kifin da bai kai ɗan yatsa ba, ba a ci, ba a sayarwa. Kai kuwa ciyawar ce ta fi damunka. Da hannunka ka tsinko ta a rafin bayan Tafo, ka dasa cikin yashi ɗaya bayan ɗaya. Ita ce abu na ƙarshe da ka shuka a duniya, na kuwa riƙe ta amana.

Da katangar maƙwabci ta tare mana rana a taga, ka ƙera wa akwatin murfi da garwar kananzir. Ka yanke, ka lanƙwasa, ka huda gurbin fitila, sai ciwo ya kwantar da kai ba ka faɗa mini wace fitila ba. Haba Yaya! Ni tela ne, ina ni ina sanin abin da ciyawar ruwa take so?

Na fara da fitilar kananzir a bakin gurbin. Ta ɓata murfin da hayaƙi, ciyawar ta yi ta miƙewa siririya kamar zaren keke. Da aka ja wayar lantarki zuwa gidanmu, na sayo ƙwan lantarki babba, ina ganin yawan haske shi ne gata. Kwana uku ruwa ya yi ɗumi kamar na alwalar tsoho, gansakuka ta rufe gilashi. Sai da na koma ƙaramin ƙwai, na shafe cikin murfin da farin fenti, na huhhuda samansa da ƙusa don zafi ya fita. In kunna bayan asuba, in kashe da magariba. Wata biyar ina wannan lalube kafin na ga sabon ganye. Ranar har ƙwalla na yi.

Sai gaisuwar mutuwa ta kai ni Salaga, na bar wa Kawu Bala akwatin. Na nuna masa makunnin fitilar, na maimaita har sau uku. Ya ce in yi tafiyata, shi da yake kai goro Kano ɗanye shar ba za a koya masa adana ganye ba.

Ka san Kawu da goro. A wurinsa duk abin da ake so ya daɗe ɓoye shi ake yi. Ina juya baya ya kashe fitilar, wai tana dafa ganye. Ya shimfiɗa ganyen naɗe goro a kan murfin, ya toshe duk inda na huda, ya lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure tamau kamar huhun da za a ɗora wa mota. Kullum safe yana yayyafa masa ruwa. Ruwa fa, Yaya! A kan akwatin da yake cike da ruwa!

Kwana goma sha shida na yi a Salaga kafin na dawo. Da na kwance igiyar, wari ne ya fara tarbata. Ciyawar ta narke, ina taɓawa tana rabuwa a yatsuna. Cikin kifi tara, biyu ne suka rage.

Abin da ya fi ci mini rai, Kawu yana tsaye yana jiran godiya. Cewa ya yi, "Da ban rufe ba, da tuni ta ƙone." Ƙanen mahaifiyarmu ne, ga mutane cike da tsakar gida. Na durƙusa na ce na gode. Wallahi har yau kalmar nan tana ci mini rai.

Kai ma ina jin haushinka. Shekara biyu kana zama gaban akwatin nan, ko sau ɗaya ba ka ce in matso in koya ba. Ni ma ban tambaya ba. Dukanmu mun ɗauka akwai sauran lokaci.

Na tone yashin da cokali, na sami saiwa ɗaya fara mai ƙwari. Na kwashe ruwan, na ɗauki akwatin a ka har shagona na Asawase, na ajiye shi kusa da keken ɗinki, inda hannun kowa ba zai kai ba sai nawa. Masu kawo ɗinki suna cewa in koma rafi in ɗebo wata, ai ciyawa ba ta ƙarewa. Ta rafi kowa ma zai iya tsinkowa. Wannan kai ka dasa.

Kwana tara ke nan fitila na kanta. Ba ta tsiro ba, ba ta kuma ruɓe ba. Ina jira.

Allah ya jiƙanka, Yayana, ya haskaka kabarinka, ya haɗa mu a Aljanna. Ya kuma ba ni ikon yafe wa Kawu, don ni dai ban kai can ba tukuna.

Ƙanenka mai kewarka,
Ɗanlami tela,
Zangon Kumasi.