Jiƙon Gwaggo Hajo

Talata, da dare

Yau likitan Sakkwato ya ƙi yi wa Baba ƙarin ruwansa, wanda ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi dajin hanta. Ruwan da ya sa har Baba ya koma cin tuwo! Wai gwaji ya nuna hantar ta ƙara rauni, sai an jira. Ya tambaya ko Baba na shan wani abu a gida, na rantse babu.

Ashe ƙarya na yi. Muna dawowa Illela na tarar da tulun jiƙo ƙarƙashin gadonsa. Yayarsa, Gwaggo Hajo, ce ta kawo daga ƙauyen Araba, wai idonsa ya yi rawaya, shawara ce. Sati biyu tana ɗura masa in na fita.

Da na yi magana ta ce, "Mi kinka sani, ɗiyar jiya? Shi munka sha munka girma."

Na fasa tulun a tsakar gida. Su kira ni marar kunya.

Baba ne ya fi ƙona min rai. Ya ce, "Na san an hana, Rabi. Amma daga hannun Yaya ƙoƙon ya fito, ya zan mayar?"

Wato kunya ce za ta riga daji kashe min uba.