Wanda Ya Amsa Sunan Abundio

Cundiyo, New Mexico
8 ga Afrilu, 1974

Zuwa ga ƙanena Melecio,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Ofelia da yara. Yaya gwiwar nan taka mai sanar da zuwan hadari?

Tun lokacin sanyi nake jin wai Dakta Halvorsen, ɗaya daga cikin masanan da suka ƙera bom ɗin nukiliya a garin nan nasu na kan Tudu, zai zo yasar magudanar ruwanmu. Na ce ƙarya ne. Shekara ashirin na yi ina share masa ofis, ban taɓa ganin ya ɗaga ko kujera ba.

Ka san dokarmu: gidan da bai turo mai shebur ba, gonarsa ba ta shan ruwa. Crucita kuwa ba ta da kowa tun da ciwon huhu ya ɗauke mijinta Abundio, mai kwashe ƙurar ɗakin gwajin Daktan. Ga shi ni ne sarkin ruwa bana, mai raba wa gonaki ruwa. Barkononta zai bushe ke nan a hannuna, abin ya hana ni sakat.

Ranar Asabar ina kiran sunayen masu shebur a bakin magudana, bakina ya kira Abundio saboda sabo. Sai wani dogon tsoho ya amsa. Daktan ne da kansa, Melecio! Da sabon shebur, ko takardar kanti bai ɓamɓare ba.

Sai da ya auna rabonsa, sannan ya haƙa har ƙugu, wai haka lissafi ya ba shi. Da muka saki ruwa, ya iso ramin ya kwanta, ya ƙi gaba. Maƙwabcinmu Tranquilino ya daka masa tsawa, wai Dakta, yau ma ka manta akwai mutane a gangare? Muka yi ta dariya, ban da Daktan. Ya ce haka ne, wancan karon ma ya lissafa wutar bom ɗin tsaf, bai tambayi kan wa ƙurar za ta sauka ba. Ya shiga taɓo ya cike ramin, ya hana kowa taya shi.

Na buɗe wa Crucita ruwanta.

Yanzu kuma ana cewa duk shekara zai dawo ya amsa sunan Abundio. Da sai in sake ƙaryatawa, amma jiya na ji daga bakin wadda ta ce ba ta yafe masa ba tukuna, sai dai ba zai yi mata aiki da yunwa ba. Crucita ce da kanta, tana ɗora tukunyar wake.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Yayanka Eusebio